Hazo, Ƙura da Hayaƙi: Sharhi a kan Yadda Ake Bayanin Iskar Garwa da Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda sharhi ce a kan wani salon bayani da ya zama ruwan dare a rubuce-rubucen Hausa da suka shafi iskar da mutane ke shaƙa, musamman waɗanda aka fassaro daga Ingilishi ko Faransanci domin rediyo da jarida da darussan makaranta. Salon yakan tafi kamar haka: motoci da masana'antu su ne ke ɓata iskar birni, iskar da ke kaɗowa daga waje ita ce ke share ta, ruwan sama kuma ya wanke abin da ya rage. Wannan bayani ba ƙarya ba ne, sai dai an ɗinka shi ne daidai jikin biranen gaɓar teku irin su Duwala da Legas. Idan aka sanya wa garin da ke can cikin ƙasa, sai a ga rigar ta yi masa ɗamari a wani wuri, ta yi masa burmi a wani.

An zaɓi Garwa, babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru, domin auna wannan salo. Garwa tana bakin kogin Binuwai, ta kuma daɗe da tashar jiragen ruwa, har wanda bai san ta ba zai iya zaton tana da wani abu na halin garin bakin teku. Ba ta da shi. Tsakaninta da teku ta hanyar kogi akwai fiye da kilomita dubu, kuma ko a zamanin da tashar ke ci, jirage ba sa iya isowa sai a 'yan makonnin da kogi ya cika a tsakiyar damina. Kogin ya kawo mata jirgi, bai kawo mata iskar teku ba. Ga shi kuma gari ne da Hausa ke zaune tare da Fulatanci da Faransanci, inda mai fassara yake da kalmomin harsuna uku a gabansa, don haka ba shi da uzurin rashin kalma.

2.0 Inda Salon Ya Samo Asali

Ya kamata ɗalibi ya fara fahimtar abin da ya sa bayanin yake daidai a Duwala. Birnin yana bakin mashigar kogin Wuri, kusan a kan digiri 4 arewa da tsakiyar duniya. Da rana ƙasa takan riga teku yin zafi, sai iskar da ke kanta ta yi sama, ta teku mai ɗan sanyi ta shigo ta maye gurbinta. Da dare lamarin ya juya. Wannan kai-da-kawo na kullum yana motsa hayaƙin motoci da na tashar jirgi da na masana'antun Basa da Bonaberi, ko da yake wani lokaci abin da iskar dare ta kai teku ita ce ta rana ke dawowa da shi. Bayan haka ruwan da ke sauka a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara. A irin wannan wuri, abin da ke ɓata iska daga cikin gari yake fitowa, abin da ke gyara ta kuma daga waje yake zuwa.

Hatta kalmar *harmattan* da Turawa ke kiran iskar hunturu da ita, a gaɓar teku aka same ta, daga harsunan Akan na ƙasar Ghana ta yau. A shekarar 1781 wani likita mai suna Matthew Dobson ya gabatar da bayaninta ga masana a Landan, bisa labarin da ya samu daga masu zirga-zirga a gaɓar Afirka ta Yamma. Turawan da suka zauna a can har laƙabin "likita" suka yi wa iskar, saboda takan kawo musu sauƙin gumi da danshin da ya dame su. Wanda ya sha hunturun Garwa ko na Marwa zai yi mamakin wannan laƙabi. Abin da ya isa bakin teku a matsayin baƙo na 'yan kwanaki, bayan ya zubar da mafi yawan kayansa a hanya, shi ne mai gida a arewacin Kamaru na kusan wata biyar.

3.0 Shimfiɗar Ƙasar Garwa

Garwa tana zaune ne a cikin kwari. Tsayinta daga doron teku bai wuce kimanin mita 200 da 'yan kai ba, alhali Ngaundare da ke kudu, a kan tudun Adamawa, ta haura mita 1,000. Daga arewacin garin akwai tsaunukan Tingilin, can gaba kuma duwatsun Mandara. Daga kudu maso yamma, a kan iyaka da Nijeriya, akwai duwatsun Alantika. Kogin Mayo Kebbi yana haɗuwa da Binuwai a gabashin garin, Faro kuma ya shigo daga yamma kafin a kai Yola. Wato dai gari ne a gindin kwarya, kuma wannan ne ya sa zafinsa ya yi suna, inda a watannin Maris da Afrilu ma'aunin zafi kan kai digiri 40 da rana.

Abu biyu ne ke biyo bayan wannan shimfiɗa. Na farko, tudun Adamawa yana tare hanyar iskar kudu mai danshi, shi ya sa ruwan Garwa yake wajen milimita 1,000 a shekara, bai kai kashi ɗaya cikin uku na Duwala ba. Ta arewa maso gabas kuwa, ta wajen tafkin Cadi, ƙofa a buɗe take. Na biyu, kuma shi ne wanda rubuce-rubucen Hausa suka fi yin biris da shi, shi ne abin da ke faruwa a kwari da daddare a lokacin sanyi. Idan rana ta faɗi sararin sama ba gajimare, ƙasa takan yi saurin hucewa. Iskar da ke daf da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, wadda ke kan tuddai ta gangaro ta taru a kwari, sannan iska mai ɗan ɗumi ta zauna a samanta kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin da aka tayar daga magariba zuwa hantsi ba shi da hanyar hawa sama. Sai rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa kafin murfin ya buɗe. Wanda ya taɓa tsallaka gadar Binuwai da sassafe a watan Janairu ya ga wannan da idonsa: hayaƙi a kwance a kan unguwanni, shimfiɗe kamar tabarma, ba ya tashi.

4.0 Matsalar Kalmar "Rani"

Jimlar da ta fi yawan fitowa a fassara ita ce wadda ke cewa gurɓacewar iska ta fi tsanani a lokacin rani. Ingilishi da Faransanci sun raba shekarar wannan yanki gida biyu, lokacin ruwa da lokacin rashinsa, mai fassara kuma ya bi su sau da ƙafa. A nan ne asarar farko take. Bahaushe bai raba shekara biyu ba. Yana da damina, da marka a tsakiyarta, da kaka, da hunturu ko ɗari, da bazara. Bafulatanin Garwa ma yana bambanta *dabbunde* da *ceeɗu* da *ndunngu*. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta yana da tasa iskar, kuma kalmar "rani" ta haɗe biyu daga cikinsu waɗanda ba su yi kama ba ko kaɗan.

Abin da ke juya waɗannan lokuta shi ne mahaɗar iskoki biyu: busasshiya daga hamada, da mai danshi daga tekun Atlantika. Layin da suke haɗuwa yana hawa arewa har ya kai wajen digiri 20 a watan Agusta, sannan ya koma kudu ya kusanci gaɓar teku a watan Janairu. Garwa tana ɗan sama da digiri 9, saboda haka daga wajen Nuwamba zuwa Maris tana hannun iskar hamada. Ana iya lura a nan cewa damina kan riga ta Kano sauka a Garwa da 'yan makonni, ta kuma fi ta jimawa, don haka kalandar da ke littattafan firamare na Kano ba ta yi wa ɗan Garwa daidai ɗari bisa ɗari ba.

A kaka iska tana da ɗan dama-dama, amma a lokacin ne ake fara cinna wa ciyawa wuta, har da share filayen da za a dasa masakwa. Da shigar hunturu sai abubuwa uku su haɗu. Ga ƙurar hamada. Ga gobarar daji a dazuzzukan da ke kewaye da gandayen Binuwai da Faro da Buba Njidda, da ƙona karan auduga bayan an gama cira. Ga kuma murfin da aka yi bayani a sama, wanda a lokacin ne ya fi ƙarfi. A bazara labarin ya canza. Zafi yana tayar da iska sama da ƙarfi, murfin bai cika daɗewa ba, amma ƙasa ta bushe ƙarau, guguwa tana yawo, kuma hadarin farko kan turo jar ƙura a gabansa, wani lokaci ma ƙurar ce kawai za ta zo ba ruwa. Ƙurar bazara yawanci ta kusa ce, mai kaushi, tana shiga ido. Ta hunturu ta nesa ce, mai laushi kamar garin alkama da aka tankaɗe, tana shiga ƙirji. Wanda ya kira su duka biyu "gurɓacewar iska a lokacin rani" bai gaya wa mai tarin fuka komai ba game da ranar da ya kamata ya zauna a ɗaka.

5.0 Daga Ina Hazo Yake?

Kimanin kilomita dubu arewa maso gabas da Garwa, a arewacin ƙasar Cadi, kusa da garin Faya, akwai wani kwari da ake kira Bodele. A da can gindin wani makeken tafki ne wanda tafkin Cadi na yau ɗan guntunsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar ruwa daga bakin kwata, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Masana suna lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, inda hakan kan faru a wajen kwana ɗari a shekara, galibi a hunturu. Kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta tashi, sai a wayi gari a arewacin Kamaru da arewacin Nijeriya rana ta zama kamar farin faranti, ana iya kallonta ido da ido.

Akwai abin lura game da yadda ake ba da labarin Bodele. A shekarar 2006 Ilan Koren da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa ƙurar wannan kwari tana tsallaka teku ta zama taki ga dajin Amazon na Kudancin Amurka. Daga baya wasu masanan sun yi jayayya a kan yawan abin da ke isa can, amma labarin ya riga ya bazu, kuma shi ne aka fi fassarawa, saboda yana da daɗin ji. Abin da ba a cika fassarawa ba shi ne cewa kafin ƙurar ta kai Birazil sai ta bi ta hancin mutanen Injamena da Kusiri da Marwa da Garwa da Yola. A rahoton kamfanin IQAir na shekarar 2022, Cadi ce ta zo ta farko a duniya wajen munin iska, da matsakaicin maikirogiram 89.7 na ƙananan ƙwayoyin ƙura a kowane kubik mita na iska, alhali ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 2021 ita ce 5. A Injamena aka yi awon, kuma tsakanin Injamena da Kusiri ta Kamaru kogi ne kawai.

Wannan ne ya rushe salon bayanin gaɓar teku daga tushe. A Duwala iskar waje ce ke share gari. A Garwa iskar waje ce ke kawo babban kaso na dattin.

6.0 Nahawun Hazo da Nahawun Hayaƙi

Zuwa nan za a iya zaton maganin matsalar shi ne a watsar da kalmomin fassara a koma wa kalmomin gado. Lamarin bai kai haka sauƙi ba, domin kalmomin gadon ma suna da nasu makantar. A dubi waɗannan misalai da aka ƙirƙira domin darasi:

(1) An yi hazo yau.
(2) Hazo ya sauka.
(3) Gari ya yi hazo.
(4) Hayaƙin itace ya cika madafa.
(5) Hayaƙin babur ya shaƙe yaron.

A misali na (1) wakilin suna *an* bai nuna wanda ya yi aikin ba, daidai da yadda ake cewa an yi ruwa ko an yi sanyi. A na (2) hazo ne aikau, ya sauko da kansa kamar raɓa. A na (3) gari ne ya shiga wani hali. Babu ɗaya daga cikin ukun da ta bar gurbin tambayar wane ne ya jawo. A misali na (4) da na (5) kuwa, kalmar *hayaƙi* da zarar ta fito sai ta nemi mahaɗin nan *-n*, wanda ke jingina ta ga mai ita. Hayaƙi yana da uba: itace, babur, bola, taya. Bahaushe zai ce hayaƙin maƙwabci ya dame shi, amma ba zai ce hazon maƙwabci ba. Hazo ba na kowa ba ne, daga Allah yake, sai a yi haƙuri a shafa mai a leɓe.

Matsalar ita ce abin da ake gani a sararin Garwa da safiyar Janairu, wanda kowa zai kira hazo, ba hazo ne zalla ba. Gauraye ne. A cikinsa akwai ƙurar Bodele, wadda ba wanda ke da iko da ita. Amma akwai hayaƙin itace da gawayi, waɗanda su ne makamashin girkin mafi yawan gidaje; da hayaƙin wutar da ake ji a ƙofar gida saboda ɗari; da na sharar da ake ƙonawa a bakin titi; da na bandar kifin da ake kamowa daga tafkin Lagdo, madatsar da aka gama ginawa a 1982; da na dubban baburan haya, waɗanda suka daɗe suna shan man da ake shigo da shi daga Nijeriya ana sayarwa a kwalabe, wanda ake kira zuwa-zuwa. Akwai kuma ƙurar titunan unguwanni marasa kwalta, da ta guragen audugar kamfanin SODECOTON, wanda hedkwatarsa take Garwa kuma aikin gurzarsa a wannan lokaci yake, sannan can arewa maso gabas a Figil ga masana'antar siminti. Kalma ɗaya maras mai ita ta lulluɓe duk waɗannan, ta wanke hannun kowa.

Ita kuwa kalmar *gurɓata*, wadda mafassara suka ɗauko, tana da wata fa'ida da ba a cika yaba mata ba. Asalinta daga ruwa take: a shiga tafkin da ya kwanta a dama shi laka ta taso. Aikatau ce so-karɓau, tana buƙatar aikau, tana kuma nuna cewa da can abin garau yake. Sai dai mafassara sun fi son siffarta ta ƙi-karɓau, *gurɓace*, da sunan aikinta *gurɓacewa*, inda iska ce ta gurɓace don kanta. Ke nan an ɗauko kalmar da ke iya nuna mai laifi, an cire mata yatsan da take nuni da shi. Tsakanin "gurɓacewar iska" da "gurɓata iska" akwai bambancin da ɗalibin fassara ya kamata ya tsaya a kansa, domin ta farko labarin yanayi ce, ta biyu kuwa ƙara ce da aka shigar.

Wani ruɗanin kuma yana cikin kalmar *hazo* ita kanta. Ana amfani da ita ga farin tururin da kan kwanta a kan Binuwai da asuba a ƙarshen damina, wanda ruwa ne kawai, ba ya cutar da kowa, rana na fitowa ya baje. Ana kuma amfani da ita ga busasshen hazon hunturu, wanda ke fasa leɓe da diddige, ya kawo haɓo da mura, ya hana jirgin sama sauka. Wasu kare-karen Hausa suna da *buji* ko *buda* domin na biyun, da *jaura* domin iskar sanyin da ke rakiyarsa. Waɗannan kalmomi suna nan a bakin dattawa, amma da wuya a ji su a labarai. Kalmar *iska* ma ba ta tsira ba, tunda ita ce mai kaɗawa, ita ce wadda ake shaƙa, kuma ita ce wadda ake cewa ta taɓa mutum. Mai rubutun da ya ce "muguwar iska" ga mai sauraro na karkara, to ya tabbata ya fayyace wace yake nufi.

7.0 Sanƙarau da Haɗarin Taƙaita Magana

Wurin da sakacin kalma ya fi tsada shi ne batun sanƙarau. Arewacin Kamaru yana cikin zirin ƙasashen da likitan Faransa Léon Lapeyssonnie ya siffanta a 1963, daga Senegal zuwa Habasha, inda annobar kan tashi a rani ta lafa da saukar ruwa. A 1996 cutar ta kama fiye da mutum 250,000 a nahiyar, ta kashe kimanin 25,000. Sau da yawa ana taƙaita bayani a ce hazo ne ke kawo sanƙarau, ko a ce zafi ne. Dukkansu sun kauce. Ƙwayar cuta ce ke kawo shi, kuma tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta yi musu komai ba. Abin da busasshiyar iska da ƙura ke yi shi ne su kankare fatar cikin hanci da maƙogwaro tsawon makonni, su buɗe wa ƙwayar ƙofar shiga jini, cunkoso a ɗaki ɗaya kuma ya taimaka mata yaɗuwa. Shi ya sa annobar ba ta cika tashi a farkon hunturu ba, sai an kusanci bazara.

Wanda aka gaya wa cewa hazo ne sanadi zai ga ba abin yi, tunda hazo ba shi da mai shi. Wanda aka gaya wa gaskiyar lamarin zai fahimci amfanin allura. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, aka kuma kai sauran ƙasashen zirin har da Kamaru, ya kusan kawar da nau'in A na cutar, alhali hazo bai ragu ba ko kaɗan. Sauran nau'o'in ba su tafi ba, kamar yadda aka gani a Nijar a 2015 da Zamfara a 2017.

8.0 Gwajin Gyara

Domin ɗalibi ya ga abin a aikace, ga sanarwa guda a siga biyu, dukkansu an tsara su ne domin wannan darasi. Ta farko ta bi salon da ake sharhi a kansa:

(6) Ana samun gurɓacewar iska a lokacin rani sakamakon ayyukan ɗan Adam da sauyin yanayi. Ana shawartar jama'a da su ɗauki matakan kariya.

Ta biyu ta yi ƙoƙarin sanya kowace kalma a gurbinta:

(7) Buji ya taso daga Cadi, zai kwana biyu ko uku. Da magariba zuwa hantsi hayaƙi ba ya tashi sama a Garwa, don haka kada a ƙona shara a wannan lokaci, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe. Mai tarin fuka da tsoho da jariri su jira rana ta ɗaga kafin su fita.

Ta (6) ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, kuma ana iya karanta ta a Duwala ko Dakar ko Garwa ba a canza harafi ba, wanda shi ne aibinta. Ta (7) ta raba abin da ya zo daga hamada da abin da aka tayar a unguwa, ta faɗi lokaci, ta faɗi wanda abin ya shafa. Ta fi tsawo, kuma a Garwa kaɗai take da amfani, ko a garin da ke kwari irinta kamar Yola.

Duk da haka akwai abin da ta (7) ma ba ta iya faɗa ba. Dukkan kalmomin gado, hazo da buji da ƙura da hayaƙi da toka, sunaye ne na abin da ido ke gani. Abin da likitoci suka fi tsoro kuwa shi ne ƙwayoyin da faɗinsu bai kai maikiron 2.5 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya yana tsakanin 50 zuwa 70. Waɗannan su ne ke wuce hanci su kai ƙarshen huhu, wasu har su shiga jini. Suna iya cika madafar da ake girki da ɗanyen itace a tsakiyar marka, ranar da sama ta yi garau ana hango tsaunukan Tingilin tun daga bakin kogi, ranar da ba wanda zai ce an yi hazo. Wasu mafassara kan rubuta haruffan PM2.5 yadda suke, wanda ba ya gaya wa mai sauraro komai. Wasu kan ce "ƙananan ƙwayoyin ƙura", kamar yadda aka yi a sashe na 5.0 na wannan takarda, amma kalmar *ƙura* tana karkatar da hankali zuwa waje, ga titi da hamada, ta ɗauke shi daga murhu. "Ɓurɓushin hayaƙi da ido ba ya gani" ya fi kusa da murhun, sai dai ya bar ƙurar Bodele a baya. Mai fassara a Garwa zai buƙaci duka biyun, ya ɗauki ta farko idan yana magana a kan Janairu da titi, ya ɗauki ta biyu idan yana magana da matar da ke tsugune gaban murhu da goyo a bayanta.